Ranar Da Gwaggo Ta Zama Ta Kowa

Shekara goma sha tara Malam Ɗan'azumi Ashafa ya yi yana zuwa Birmingham duk Asabar gaida Gwaggo, kuma Gwaggon nan ba mutum ba ce. Tsohon jirgin sama ne na koyar da matuƙan yaƙi, mai inji ɗaya da farfela a hanci, wanda aka ƙera tun kafin a haifi Malam ɗin. Shi ya raɗa mata sunan, domin in za ta tashi sai ta yi tari uku, ta tofar da hayaƙi, ta yi mita, sannan ta kama surutu ba ƙaƙƙautawa, sak wata ƙanwar ubansa da ya baro a Zariya.

Gwaggo tana zaune ne a wata ƙatuwar rumfar kwano a bayan gari, ita da wasu jirage shida, duk mallakar wani dattijon Bature, Mista Pickering. Allah ya ba Baturen nan dukiya da son tsofaffin jiragen yaƙi, amma ya hana shi hannun riƙe sifana. Malam kuwa hannun ne kawai da shi. Ya koyi kanikancin jirgi a Kaduna yana saurayi, ya zo Ingila da takardun shaida cike da jaka, Ingila ta duba takardun da kyau, ta yaba, ta ba shi aikin gyaran tukunyar ɗumama ɗakuna a wani asibiti a Oxford Road, cikin Manchester. A nan ya ƙarar da ƙarfinsa har ya yi ritaya. Asabar ce kaɗai ranar da yake komawa mutumin da ya san kansa da shi. Ya hau bas daga unguwarsu Fallowfield, ya shiga jirgin ƙasa, 'yarsa Inaya ta ɗauke shi a tasha. Ita tun da ta gama jami'a ta maƙale a unguwar Selly Oak a Birmingham ta ƙi dawowa Manchester, to ga amfanin da aka samu.

Gwaggo ba ta tashi sama, an daɗe da hana ta. Amma injinta yana tashi, kuma cikin jirage bakwai ɗin ita kaɗai ce mai rai, sauran shidan gawarwaki ne da aka shafa wa fenti. Duk Asabar, kafin ya taɓa komai, Malam zai kama farfelar da hannu biyu ya juya ta sau tara, a hankali, yana kasa kunne, don baƙin man da ya kwanta a ƙasan injin cikin mako ya warware. Wanda duk ya tayar da irin wannan inji bai yi haka ba, ya fasa shi. Daga nan sai a turo ta waje, a sa wa tayoyin waigi, ya hau ya murɗa. Minti goma take yi tana ruri, tagogin rumfar suna karkarwa, Mista Pickering yana kan kekensa na guragu yana sharar hawaye.

A watan Maris Mista Pickering ya mutu, ya bar wasiyya a ba jama'a jiragen. 'Ya'yansa biyu, waɗanda ba su taɓa leƙa rumfar ba sai ranar da suka zo auna filin, suka karɓi wasiyyar da saurin da ya burge kowa. Hukumar garin, wadda kowa ke ce wa council, ta ce za ta mayar da rumfar gidan tarihi. Sharaɗi ɗaya ne: sai an turo ƙwararre ya duba kowane jirgi, wanda bai cancanta ba ya koma hannun magada su yi yadda suka ga dama da shi.

Malam ya yi kukan abokinsa da gaske. Amma maganar duba jirage ko a jikinsa, bakinsa ma har kunne. In dai jarrabawa za a yi tsakanin mai rai da matattu, wane ne zai tsaya addu'a? Ranar duban har sabuwar hula ya sa a kan rigar aikinsa.

Ƙwararriyar da aka turo sunanta Grace. Iyayenta mutanen Kafanchan ne, ita kuwa haifaffiyar Birmingham, Hausarta wadda ta tsinta a kicin ɗin uwarta ce. Ta shigo da farar safar hannu, ta ɗan rusuna.

"Sannu Baba. An ce kai ka fi kowa sanin wannan jirgin."

"Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba, 'yata. Matso ki gani."

To, a inda Malam ya koyi sana'a, bakaniken da bai canza komai ba bai yi aiki ba, wanda ya canza kuma bai faɗa ba wawa ne. Saboda haka ya buɗe murfin injin, ya buɗe baki.

"Kin ga kafireton nan? Na asalin ya tsage. Na neme shi a duk Ingila babu. Sai na zana shi na aika wa abokina Bara'u a Panteka, can Kaduna, ya zuba mini sabo. Ƙanena ya taho da shi a jaka ɗaya da kuka da daddawa."

Grace ta rubuta. "Famfon mai fa, Baba?"

"Nawa ne. Da hannun nan na haɗa shi."

"Wayoyin wuta?"

"Duk na sake su. Na dā ɓera ma ba zai ci ba."

Tana rubutawa yana ƙara samun ƙarfi. Ya nuna tiyo, ya nuna bawul, ya nuna silinda ta ƙasa wadda fistin ya ƙame a cikinta shekarun baya, ya cire ta ɗungurungum ya sa wata. Inaya, da ke tsaye a gefe, ta yi tari, ta sake yin tari, ta taka masa ƙafa.

"Baba, I think ya isa haka."

"Bar ni mana. Ke tun kina yarinya ba kya son a yabi na gida."

Har notuna sai da ya lissafa. Grace ta cika shafi huɗu, ta yi godiya ba ta ɗago ido ba, ta tafi. Malam ya koma Manchester yana gaya wa matarsa Batulu cewa yarinyar nan mai hankali ce, ta san darajar aiki.

Bayan mako uku takarda ta zo. Malam yana jin Turanci sarai, amma Turancin council ko Bature sai an yi masa tafinta. Ya karanta sau biyu ya ga godiya a sama, godiya a ƙasa, bai gane abin da aka binne a tsakiya ba. Ya ajiye har Lahadi, da Inaya ta zo cin tuwon uwarta, ya miƙa mata.

Ta karanta, ta ajiye cokali. "Baba, sun karɓi shida. Ban da Gwaggo."

"Sake karantawa."

"Sun ce ba original ba ce. Kusan rabin injin ba nata ba ne, naka ne. Su kuma museum, abin da aka ƙera tun asali suke so."

"Matattun fa?"

"Su ba wanda ya taɓa su, so komai nasu na asali ne."

Malam ya dubi kwanon miya. "Wato da na bar ta ta ruɓe kamar 'yan'uwanta, da ta ci jarrabawa."

"Basically, Baba. Haka ne."

"Madalla. Shekara goma sha tara ashe ɓarna nake zuwa yi, har da sayen tikitin jirgin ƙasa."

Sauran labarin ya fi muni, kuma yana shafi na biyu. Magada sun riga sun sami mai saye, wani mutum da ke yanka tsofaffin jirage yana yin teburan ofis da fukafukansu, farfela kuma a kafe ta a bangon mashaya. An ba da wata ɗaya. Malam ya ture kwanon, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar da aka shiga da Batulu tiyata. Da bakinsa ya kai Gwaggo mahauta, yana yi yana gyara hula.

Batulu tana kwashe kwanuka. Ita ba ta taɓa ganin Gwaggo ba, ba ta kuma nemi gani ba, abin da ta sani game da jirgin sama shi ne ya cinye mata wurin ajiya a gida.

"Ni dai in tsatsa suke so," ta ce, "su zo su kwashe wadda ke rumfar bayan gidan nan. Har tukuici zan ba su. Shekara nawa ina neman inda zan sa injin wanki na biyu, an ce amana ce."

Inaya ta juyo. "Mama, wace tsatsa? Ba kayan boiler ɗin asibiti ba ne a shed ɗin?"

"Tambayi ubanki."

Ga yadda abin yake. A garejin da Malam ya tashi, in ka canza wa mutum wani ƙarfe a mota, sai ka sa masa tsohon a but ɗin motar, ya gani da idonsa cewa an canza, kuma kayansa ne ko ya mutu. Bakaniken da ya riƙe tsohon ƙarfe ba a sake kawo masa aiki. Ranar da Malam ya fara cire wani abu a jikin Gwaggo, ya kai wa Mista Pickering tsohon a hannu biyu. Baturen ya yi dariya ya ce a jefa a shara. Malam ya tsaya a gaban kwandon shara hannunsa ya ƙi saki. Kayan mutane ne, in wata rana aka tambaya fa? Ya naɗe shi a tsumma ya taho da shi gida. Haka ya yi da na biyu, haka da na ɗari. Silindar nan da fistin ya ƙame a ciki, a jakar Ghana-must-go ya jawo ta tun daga tasha har bas ɗin Fallowfield, ɗalibai suna matsa masa suna zaton doya ce.

Inaya ta buɗe rumfar, ta kunna fitilar wayarta. Ga su nan jere a kan katako, kowane a naɗe, kowane da 'yar takarda ɗaure da zare, an rubuta ranar da aka cire shi da inda aka cire shi. Ta fito ta kira Grace nan take, ko hannu ba ta wanke ba.

Ran Talata Grace ta hau jirgin ƙasa ta zo Manchester takanas. Ta sa farar safarta, ta durƙusa a rumfar da Batulu ke zagi safe da yamma, ta ɗago tsagaggen kafireto a hankali kamar jinjiri.

"Baba, this is treasure. Komai yana nan. Har labels!"

Batulu tana bakin ƙofa riƙe da tire ɗin shayi. "Ikon Allah. Ashe dukiyar ƙasa nake shanya tsumman goge-goge a kai. Ku yafe ni."

Grace ta yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ta miƙe ta cire safar.

"Baba, zan iya sake rubuta report. Za su karɓe ta. Amma sai an mayar da waɗannan duka jikinta, a cire naka."

"Waɗannan matattu ne, 'yata. Shi ya sa na cire su. In an mayar ba za ta tashi ba."

"Na sani."

"Silindar nan in ta koma, ko farfela ba za ta juya ba."

"Na sani, Baba. Amma ko da sun karɓe ta da kayanka, ba za a sake tayar da ita ba. Insurance ba za su yarda ba, ga health and safety. Za a tsiyaye mai, a sa igiya a zagaye. Haka ake yi wa duk abin da ya zama na public." Ta ƙara da cewa, "In abin zai yi maka nauyi, akwai kamfanin da za mu iya kira su yi aikin."

Malam ya dubi katakon nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Zaɓi biyu aka ba shi, kuma duka biyun an yi masa adalci irin na ofis: ko Gwaggo ta zama tebur a ɗora mata kofin shayi, ko ta zama gawa a ɗora mata allo.

"Ba kamfanin da zai taɓa ta," ya ce. "Ni na yi jinyarta, ba zan bar baƙo ya yi mata wanka ba."

Asabar ɗin da ta biyo baya ya je da wuri. Ya juya farfela sau tara. Aka turo ta waje, aka sa waigi, ya hau. Gwaggo ta yi tarinta uku, ta tofar da hayaƙi, ta kama. Bai taɓa jin muryarta ta fita tas kamar ranar ba, abin haushi, sai ka ce ta san ana kallo. Minti goma suka cika bai kashe ba. Ya bar ta ta yi ashirin, Inaya da Grace suna tsaye da yatsu a kunne. Da ya kashe, ya zauna a ciki har injin ya huce, ba wadda ta ce masa ya sauko.

Aka ƙara wa'adi, ya yi Asabar shida yana warware aikin shekara goma sha tara. Ya cire kafireton Bara'u, wanda bai taɓa ba shi kunya ko sau ɗaya ba, ya mayar da tsagagge. Ya zare wayoyi masu kyau ya jera waɗanda ɓera ba zai ci ba. Grace tana ɗaukar hoton kowane mataki tana cewa aikin yana kyau sosai, shi kuwa yana amsawa da "to". Duk yamma ya koma Manchester da jaka cike da lafiyayyen ƙarfe, ya jera a gurbin da matattun suka bari, don haka Batulu ba ta sami wurin injin wankinta ba, kuma a karon nan ba ta yi ƙorafi ba. Silindar ce ta ƙarshe. Sai da ya yi wuni guda yana fama kafin ta zauna, ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure su yadda aka koya masa a Kaduna.

Sabon rahoto ya fita da yabo mai yawa. An ce samun jirgi mai kayansa na asali cif haka abu ne mai wuya, kuma gari ya yi sa'a.

Ranar buɗewa aka share rumfar har tana ɗaukar ido, warin baƙin mai ya tafi, ƙamshin sabulun goge ƙasa ya maye gurbinsa. Shugaban council ya zo da sarƙar muƙami a wuya, ya yi jawabi mai tsawo a kan tarihi da sadaukarwa, ya kira Gwaggo da sunan wani jirgin daban, aka tafa. Ya ce daga yau jiragen nan ba na mutum ɗaya ba ne, na kowa da kowa ne. Yana faɗa ma'aikata suna ƙarasa ɗaure jar igiyar da za ta hana kowa da kowa matsawa kusa.

Batulu ta zo, karo na farko. Ta dubi Gwaggo sama da ƙasa ta ce, "Ashe ma 'yar ƙarama ce." Inaya ta ja ubanta zuwa allon da aka kafa a gaban jirgin. An rubuta shekarar ƙira, an rubuta sunan Mista Pickering da manyan baƙaƙe. Can ƙasa, da rubutun da sai da Malam ya sa tabarau, an gode wa Mista D. Ashafa saboda adana kayan asali. Babu maganar cewa injin nan ya yi shekara goma sha tara yana tashi, ko wanda ya sa ya tashi. A tarihin gari dai, Malam Ɗan'azumi mutum ne da ya iya ajiyar tsatsa.

Asabar ce, kuma ƙarfe goma ta yi. Malam bai yi shawara da kowa ba, ƙafarsa ce ta san lokaci. Ya ɗaga igiyar ya shiga. Wani mai gadi, an rubuta Prosper a ƙirjin rigarsa, ya taho da sauri yana magana da Turanci cikin ladabi.

"Yallaɓai, ba a taɓawa. Kayan jama'a ne."

Malam ya waiwaya ya dubi jama'ar, masu riƙe da kofunan shayi da wayoyi. "Ni kuma daga cikin me nake?" ya tambaya da Hausa.

Prosper bai ji ba, amma Grace ta ji. Ta dafa hannun mai gadin ta girgiza masa kai, ya ja da baya.

Malam ya kama farfelar da hannu biyu, a daidai inda tafinsa ya cinye fentin, ya tura. Ko gezau. Ya san ba za ta motsa ba, shi ya ɗaure ta, kuma a shekara hamsin na riƙon sifana bai taɓa ɗaure notin da ya kwance ba. Duk da haka baƙin ciki ya kama shi kamar yanzu aka gaya masa, idonsa ya cika, bai kuma damu da wanda ke kallo ba.

"Baba," Inaya ta ce a hankali daga bayan igiya, "zo mu je."

"Bari in cika."

Ya tsaya da hannuwansa a kanta yana ƙirgawa a ransa, yana kasa kunne yadda ya saba, farfelar tana tsaye. Sai da ya kai tara, sannan ya sauke hannu, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ya koma inda jama'a suke.